Sama Zafi, Ƙasa Sanyi

Jiya makanike ya zuba koren ruwa a lagireton motata, sai warinsa ya tuna min da Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran famfo.

Zamanin soja, da kuɗin mai suka yawaita, an ba ni gidan gwamnati da Turawa suka gina, har da bututan ruwan zafi na ɗumama ɗaki. A Sakkwato fa. Ina ta dariya, sai da sanyin ƙashi ya kwantar da Inna. Na kunna tukunyar dafa ruwan bututan, ɗakin ya ƙi ɗumi.

Kawu ya zo ya shafa ƙarfen ɗumama ɗakin da bayan hannu, ya ce, "Bisa zahi, ƙasa sanyi. Laka ta tare ciki." Ya kwance bututun ƙasa, baƙin taɓo ya kwararo da koren ruwa.

Na ce, "Kawu, wai maganin hana ruwa daskarewa ne."

"Ƙanƙara, garin ga?" Muka tsaya kallon juna. Ya dai wanke bututan, Inna ta samu barci.

Ranar da zai rasu na taɓa goshinsa, zafi. Na taɓa ƙafafunsa, sanyi. Na yi ta dube-dube, ban san inda zan kwance ba.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu.