Zinarin da Ɗiyata Ta Sa Bayan Ranta

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a gidana aka yi ta.

Ɗiyata ta fari, a Ruma na haife ta. Ranar da ta faɗo, ungozoma ta wanke mabiyiya, aka binne ta a bayan ɗakina. Haka muka taso muka tarar. Gashin da aka aske, farcen da aka yanke, haƙorin da ya fita, ba ma barin abin jikin mutum a sarari. Ƙasa ake mayar wa.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo Batsari, a shekarar wani ƙululu ya fito mata a nono. Ta ɓoye shi har ya ƙi ɓoyuwa. A asibitin birni likitoci suka yanke shi, amma ciwon ya riga ya yi saiwa. Ta ga an shigo da sabon gero, ta sha kununsa, sannan ta cika.

Ni na yi mata wanka. Da hannuna ya kai inda aka yanke na ji rami, sai na tsaya da ƙwarya a hannu. Ina abin da aka cire? Cikin matan da ke ɗakin ba wadda ta sani.

Da masu gaisuwa suka ragu na kira ɗanta, jikana, wanda karatu ya kai ƙasar waje, yake aikin binciken cututtuka.

Na ce, "Maigida, ina tsokar uwarka?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana wurina, Kaka. Ita da bakinta ta ce a ba ni."

"Ka adana uwarka kamar man shanu a kwalba?"

Da can sai ya rama, ya ce tsohuwar nan ba ta da aiki sai faɗa. Ranar bai rama ba. Ya zauna bakin tabarma ya yi mini bayani a hankali. Ana daskarar da naman, a yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, a shimfiɗa kan gilashi. Sai a sa a wata na'ura ta fesa masa zinari, ɗan kaɗan kamar hayaƙi. Daga nan wani haske ya riƙa bugunsa ɗigo-ɗigo, wata na'urar tana auna abin da ya tashi, har ta zana inda kitse ya taru da inda ciwon yake cin abincinsa.

"Sai da zinari?"

"Ko azurfa. In ba ƙarfen, ƙananan abubuwan ba sa tashi a gan su. Kamar yadda kike sa kwalli ido ya fito."

"Zai warkar da wata?"

"Ban sani ba, Kaka. Mai yiwuwa ba a zamanina ba."

Ɗiyata ba ta taɓa sa zinari ba da ranta, ko ɗan kunne. Na tagulla ta sa har ta koma ga Allah.

Na ce, "Ka duba abin da za ka duba. In ka gama ka kawo mini ita. Mabiyiyarta tana Ruma, gangar jikinta tana nan, ba zan kwanta a kabari wani yankinta yana yawo a ƙasar da ban san alƙiblarta ba."

Da bazara ya dawo da ƙunshi cikin farin ƙyalle: ragowar tsokar da gilashi guda. Ya ce abin da haske ya cinye ya tafi, ba ya dawowa. Na ɗaga gilashin a rana. Wani ɗan tabo ne, yana sheƙi kamar fiffiken ƙwaro. Na riƙe shi a tafi har ya yi ɗumi, sannan na naɗe.

Mata ba ma zuwa maƙabarta. Shi da liman suka kai, ni na tsaya a zaure har suka sha kwana.

Liman ya rasu da damina. Ungozomar tana Safana wurin ɗanta, ido ya tafi. Jikana ya koma bakin aikinsa, ya haifi mace, ya sa mata sunan uwarsa. Ɗakin Ruma an ce ya rushe, ciyawa ta rufe bayansa. Ni kuwa ina nan Batsari, ina tara gashin da ke zubo mini ina binnewa a gindin bango.