Ranar da Muka Sirka Ruwan Lambatu

Lambunmu yana bakin rafin da yake kwaso ruwan lambatun birni, ya gangaro da shi ta ƙarƙashin wata kwalbati, ya nufi wajen Minjibir. Sunan rafi kawai muke ba shi. Baƙin ruwa ne mai kumfa, da rani warinsa yakan tari mutum tun daga bakin titi. Amma da shi mahaifinmu ya ciyar da mu, da shi ni da yayana muke shayar da latas da alayyahu da karas, mu ma muke ciyar da namu iyalan.

Shekarun nan ne da hanyar birni ta cika da shingaye. Mota sai ta ɗauki latas da sassafe, kafin ta isa kasuwa ya yi yaushi, dillali ya taya yadda ya ga dama. Mutane ba sa yarda da baƙuwar fuska, ba sa yarda da farar mota. Masu bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna kuwa, ƙofa ake rufe musu. A gidanmu ma haka ne. Yaya ne babba, shi ya ce kada a buɗe, ni kuma ban musa ba, don nawa zargin bai gaza nasa ba.

Wata safiyar Talata muna ban ruwa, sai farar mota ta tsaya a kan kwalbatin. Wata mata ta fito, za ta haura arba'in, ta ɗora farar riga a kan atamfarta, ta sa dogon takalmin roba da safar hannu, ta rufe hanci da baki. Ta duba agogo, ta zura bokiti da igiya har tsakiyar ruwan, ta jawo, ta juye a wata 'yar jarka, ta rufe, ta goge jikin jarkar, ta yi rubutu a kai, ta saka a kula mai ƙanƙara. Ta ɗaga mana hannu da sallama, suka tafi.

Yaya ya kashe inji ya ce, "Ka ga abin da na gani?"

Na ce na gani.

"Ruwan da ko jaki ba ya sha, shi aka sa wa ƙanƙara. Mu da muke azumi a nan, wa ya taɓa kawo mana ƙanƙara?"

Yaya yana da dalilinsa. Yana saurayi wasu suka zo da igiyar awo suka zagaya gonar gero ta mahaifinmu, suka ce lissafi kawai suke yi. Bayan damina biyu titi ya bi ta tsakiyarta. Tun daga nan duk wanda ya zo yana awo yana rubutu, a wurin Yaya wani abu ya zo ɗauka.

Wata na zagayowa matar ta dawo, ranar Talata, a daidai lokacin nan. Wata na uku ma haka. Magana ta bazu a majalisa. Wani ya ce za a hana noman rani da ruwan lambatu, hujja ake tarawa. Wani ya ce ai ba ɗiba take ba, zubawa take, ɗiban na rufe ido ne. Mai unguwa ya ce an kawo masa takarda, aikin lafiya ne, ya kuma ce shi ma iyakar abin da ya sani ke nan. Wannan bai kwantar wa kowa da hankali ba.

Da yake na ɗan yi boko, ni aka tura in tambaye ta. Na tsaya nesa kaɗan na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ruwan nan da kike ɗiba, na mene ne?"

Ta ce, "Ƙwayar cutar shan inna muke nema, Malam. Za a kai ɗakin gwaji a duba."

Na koma na faɗa musu. Yaya ya ce, "To ka ji. Ranar da suka ce sun samu cuta a ruwan nan, wa zai ƙara sayen latas ɗinka? A rediyo za ka ji sunan garinmu."

Gaskiya maganar ta shige ni. Na kwana biyu ina juya ta, ban ga inda ta karkace ba.

Yaya ne ya kawo dabarar. Muna da rijiyar tiyo a can gefen fadama, mai ruwa garau, wadda muke ji da ita saboda tsadar mai. Maƙwabtanmu biyu su ma suna da irinta. Ya ce ranar da matar za ta zo, sai mu tare rafin daga sama da buhunan yashi, kamar yadda muke yi idan za mu tara ruwa, mu bar kaɗan yana wucewa, sannan mu sako ruwan rijiyoyin uku a ƙasan madatsar. Abin da zai iso kwalbati ruwa ne mai tsabta. Ta ɗiba, a gwada, a ce lafiya lau, kowa ya huta.

Muna idar da sallar asuba muka fita. Muka jera buhuna, muka ja tiyo muka ɓoye bakinsa cikin ciyawa, muka tayar da injuna. Man da za mu yi ban ruwan kwana huɗu da shi muka ƙona a safiyar nan. Kafin rana ta ɗaga, ruwan ƙarƙashin kwalbatin ya washe har ana hango yashi. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ƙasan rafin nan ba. Da muka hango ƙurar mota muka kashe injuna, kowa ya koma fangalinsa ya duƙa.

Ta fito, ta sa kayanta, ta ɗauki bokiti. Ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa. Sai ta ajiye bokitin ta kira ni.

"Malam, an yi ruwan sama jiya?"

Ana tsakiyar bazara, ko gajimare babu. Na ce ba a yi ba.

"Ko famfon gwamnati ne ya fashe a sama?"

Na ce ban ji labari ba.

Ta sauka daga kan kwalbatin ta bi gefen rafin da dogon takalminta, tana tafe tana duba ƙasa, har ta isa inda tiyo yake ɗiga cikin ciyawa. Ta ɗaga kai ta ga buhunan, da baƙin ruwan da ya taru a bayansu. Yaya ya miƙe da fartanya a hannu ya tako. Direbanta ya fito daga mota ya tsaya. A shekarun nan ƙaramar magana takan zama babba kafin a ankara.

Ta sauke abin da ta rufe baki da shi. Ban ga fushi a fuskarta ba, gajiya na gani.

Ta ce wa Yaya, "Malam, man nawa kuka ƙona?"

Yaya ya ce, "Namu ne. Ruwan ma namu ne. Ke dai ɗebi ki tafi."

"Idan na ɗebi wannan, ruwan rijiyarku zan kai. Za a gwada a ce babu komai, a rubuta babu komai, alhali ba a duba ba."

"To ba shi ke nan ba?"

Ta ce, "Ba lambunku nake aunawa ba. Ruwan nan ya ratso unguwanni kafin ya iso nan. Yaro yakan ɗauki cutar nan yana wasansa, babu zazzaɓi babu komai, tana fita a bayan gidansa, tana bin lambatu. Da yawa suna ɗauke da ita kafin ta kayar da ƙafar guda ɗaya. Ba zan iya bin kowane gida ba, amma duk gidajen suna biyowa ta ƙarƙashin kwalbatin nan. Shi ya sa nake zuwa da safe, lokacin da gari ya tashi kowa ya zagaya. Shi ya sa ƙanƙara, don kada zafi ya lalata ta a hanya. Ko ruwan sama aka yi mai yawa ba na ɗiba, don ya sirka ta, sai in dawo."

Yaya ya ce, "Idan an samu fa? Sai ku ce latas ɗinmu ne."

"A takardata babu gurbin latas. Amma ba zan rantse maka a kan abin da wani ofis zai yi gobe ba, don ban sani ba. Abin da na sani, idan an samu, unguwannin sama za a koma a bi yara."

Wannan rashin rantsuwar ne ya tsaya mini a rai. Da ta ce wallahi babu abin da zai same mu, da na ce irin tasu ce.

Ta ce mu buɗe madatsar, za ta dawo jibi idan ruwan ya koma yadda yake. Na tambaye ta me za ta rubuta na yau. Ta ce za ta rubuta ruwa ya sirku, ba a ɗiba ba. Ba ta tambayi sunan kowa ba. Yaya ya ce wannan ma dabara ce, mu jira motar 'yan sanda. Muka jira sati guda, ba ta zo ba. Ya ce to sun fi mu haƙuri ne.

Daga nan duk zuwan da za ta yi sai ta tambaye ni ko an yi ruwa, ko an tare rafin, ko na ga ya canja launi, don wani lokaci masu rini da jima sukan sako nasu ya ɓata gwajin. Ina ba ta amsa. A majalisa aka fara yin shiru idan na iso. Wani ya tambaye ni, cikin raha wadda ba raha ba, ko an fara ba ni albashi. Yaya ya daina cin tuwon dare tare da ni, ya ce a kai masa nasa ɗaki.

Ana cikin damina na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, wai an taɓa samu?"

Ta ce, "An samu."

Na koma gida na tarar da autata, 'yar shekara biyu, tana tsalle a cikin ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Takalmin da na shiga rafi da shi yana ajiye a bakin ƙofa, kusa da ita. Ba a taɓa ɗiga mata komai ba. Har lokacin ban gama yarda da maganin ba, ban kuma gama yarda da matar ba. Na dai auna tsoro biyu, na ga wanda ya fi nauyi.

Ranar kasuwa na ce wa mai ɗakina ta shirya yarinyar, za mu je gaida gwaggo. Ta dube ni, ta ɗauko mata hula. Na kai ta ƙaramin asibitin da ke gaba da garinmu, inda ba a san ni sosai ba. Aka ɗiga mata, aka shafa mata tawada a farcen ƙaramin yatsa. A hanya na tsaya na goga da yawu, na goga da ƙasa, ta ƙi fita.

Da yamma Yaya yana zaune a zaure, yarinyar ta ruga ta faɗa jikinsa kamar kullum. Ya riƙe hannunta, ya juya shi, ya daɗe yana kallon yatsan. Ni ina tsaye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Yaya gwaggon?"

Na ce, "Tana gaishe ka."

Ya ce, "Ina amsawa." Ya ciro dabino a aljihu ya ba ta, ya ce ta shiga wajen uwarta, magariba ta yi.