Hancin 'Yardada

Shekara talatin 'Yardada tana haɗa humra da turaren wuta a wani lungu na Ƙofar Mazugal, kuma ba ta taɓa auna komai da cokali ba. Hancinta ne ma'auninta. Shi ke gaya mata sandal ya jiƙu, shi ke yanke wa miyar jiya hukunci, a ɗumama ko a zubar. Maigidanta ya rasu, 'ya'yanta biyu aure ya kai su Gusau da Abuja, gida ya rage daga ita sai kaskon wuta.

Aibinta ɗaya, ba ta iya cewa a'a ba. Bikin Gwale nata ne, na Ƙofar Nassarawa nata ne, ko wadda ta zo ana jibi ɗaurin aure sai ta ce ba komai. Kullum tana duƙe kan garwashi, hayaƙi na cin idonta. Gajiya ta kai ta ko abin da za ta dafa ba ta iya zaɓa, sai ta jiƙa gari ta sha a tsaye. Ana haka wata safiya ta buɗe miski ta shaƙa, ta ji kamar ruwan randa. Ta ce mura ce. Mura ta tafi, ƙamshi bai dawo ba. Tsoro ya kama ta sosai, don in mata suka ji, sana'a ta ƙare. Ta ja bakinta ta yi shiru, ta ci gaba da abin da hannu ya saba.

Farce ne ya tona mata asiri, ɓawon nan na teku da ake sa wa humra don ƙamshi ya kama jiki. Sai an kankare shi an soya har ƙarninsa ya mutu, kuma hanci kaɗai ke shaida ya mutu. Ita kuwa ta duba launi, ta ce ya yi. Ta daka, ta zuba a humrar amarya Firdausi, 'yar Hajiya Lami. Ita ma Hajiya Lamin, 'Yardada ce ta haɗa mata tata lokacin aurenta.

Bayan kwana uku Hajiya Lami ta yi sallama, ta zauna bakin tabarma, ta buɗe humrar ta miƙa mata.

"Yaya, ɗan shinshina."

'Yardada ta zaci yabo ne ya kawo ta. Ta kai hanci, ta lumshe ido, ta yi murmushi. "Ai na gaya miki, wannan ta fi taki."

Humrar kuwa ƙarnin kifi take yi, har ƙuda sun fara zagaye. Hajiya Lami ta zo da faɗa cike da baki, amma ganin murmushin nan ta gane hancin ne ya tafi, faɗan ya ƙi fitowa.

"Yaya, tun yaushe?"

Murmushin ya gushe. "Tun kafin azumi."

"Wata biyar! Kuma ba ki gaya wa kowa ba?"

"Wa zan gaya wa, Lami?" in ji 'Yardada. "Duk mai shigowa gidan nan da kwalbarta take shigowa."