Inna Cima da Tabkin da Ke Cikin Ƙwarya

Hantsi ba ya iske Inna Cima ba ta hura wuta ba. Tana gama lazimi za ta fito da kaskon gawayi ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidanta a Cadakori, ta cusa ƙarafan zane su yi ja, ta jera ƙorai a kife. Duk wanda ya ratsa lungun ya san ƙaurin ƙwarya idan ƙarfe ya taɓa ta. A kan wannan sana'a ta yi furfura. Yanzu hayaƙi ya ci idanunta, ta ce da faɗuwar damina za ta aje ƙarfe. Na sha jin ana cewa jinjina ta masu buro ce, manyan da ke zaune a ofis. Ban yarda ba. Tawa ta mai zanen ƙwarya ce, wanda abin bai yi wa daɗi ba ya juya shafi.

Shekarar da ƴan bindiga suka koro mutanen ƙauyukan bakin iyaka, garinmu ya cika da baƙi. Cikinsu akwai Nazira, goye da jinjirinta Haisam, kuma Inna Cima ce ta ba ta ɗaki. Jikinta babu rauni, amma da ta ji ƙarar moto, babur irin wanda maharan ke hawa, sai ta durƙushe ta toshe kunnuwa. Ba ta ci, ba ta sha. Nono ya ƙafe, yaro ya rame har kuka ya soma gagararsa. Inna ta kai su likita, aka yi wa yaron abin da ya dace, aka ce saura na ga uwar: sai ta ci. Aka dama kunun kanwa, aka yi lallashi, aka yi faɗa. Ta kurɓa sau ɗaya ta ture.

Sai Inna ta koma ga abin da ta iya. Ta tambayi Nazira kamannin gidansu, ta zana shi a bayan sabuwar ƙwarya: ga zaure, ga turken awaki, ga rumbu. Ta miƙa mata tana murmushi. Nazira na ganin rumbun ta ƙwala ihu, ta yi jifa da ƙwaryar ta tsage. Ashe a gaban idonta aka cinna wa rumbun nan wuta, da geron shekara a ciki.

Ɗan Bala, telan da ke maƙwabtaka da su, ya leƙo ta kan darni.

"Cima, ke ba boka ba, ke ba likita ba, mi ya kai ki? Ki ƙyale ɗiyar mutane."

"Kai da ko hura ba ka iya damawa, mi ya kai ka zancen ƙwarya? Koma kan kekenka."

Da wata ce da nan ta tsaya. Ita kuwa ta tsince sakainar, ta bar kwanaki suka shuɗe, sannan ta zauna kusa da Nazira a inuwa.

"Ɗiyata, na yi kure, ki gahwarce ni. Yau ba gida nake tambaya ba. Ruhe ido. Ina kika taɓa zama ranki ya kwanta, wurin da ba a taɓa yin gudu ba?"

Nazira ta rufe ido.

"Tabkin garin kakata," in ji Nazira, "in an yi ruwa."

"Mi ke bakinshi?"

"Tsamiya. Da shanu, belbelu bisa bayansu."

"Iskar fa?"

"Sanyi gare ta. Tana ƙamshin ƙasa."

"To shaƙe ta a hankali. Sake ta. Ƙara."

Moto ya wuce ta bakin lungu. Nazira ta zabura, amma ba ta toshe kunnuwa ba.

Inna ta ɗora mata wata ƙwarya a cinya, ta danƙa mata gawayi. "Wannan karon da hannunki."

"Inna, ban yi lakol ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba."

"Ni ma inuwar ginin kaɗai na sha. Zana."

Kowa ya san a baya ake zanen ƙwarya, don idon mutane. Inna ta ce a ciki za a yi, can ƙasa. Da Nazira ta gama, Inna ta bi sawun gawayin da ƙarfe ba ta gyara komai ba: tsamiya a karkace, tabki kamar faifai.

"Wannan belbela ce ko kaza?" in ji Ɗan Bala. "Kuma wa zai ga zane a ciki?"

"Mai sha," in ji Inna.

Ta cika ƙwaryar da kunu har baki. Tabki ya ɓace.

"Inna, kin ruhe shi!"

"Yana nan. In kina son ganinshi, kin san hanya."

Nazira ta kai baki. Kan tsamiya ya fito. Ta ƙara kurɓa, ga bayan saniya. Ba ta sauke ba sai da ta ga ruwan tabkinta.

Ba zan ce daga ranar komai ya wuce ba. Akwai kwanakin da tsoro ya dawo, ta ture ƙwarya, Inna ta sake zama ta ce a koma tabki. Sun sha komawa likita. Amma nono ya dawo, Haisam ya yi kumari. Wasu matan suka biyo baya, kowace da wurinta: wata gindin gawo, wata bakin rijiya. Masu baki suka ce bori ne. Inna ta ce duk wanda ya ji ta kira wani suna ban da na Allah ya fito ya faɗa. Har yau ba wanda ya fito.

Inna Cima, ke ce kika yi kure gaban jama'a, kika tsince sakaina kika sake. Ke ce mai ƙarfe ja da hannu mai sanyi. Mun gode. Allah Ya sanyaya idanunki kamar yadda kika sanyaya zukata.

Mu kuwa da muka rage, ba sai mun iya riƙe ƙarfe ba. In ka ga wanda tsoro ya cika wa ƙirji, zauna kusa da shi, ka tambaye shi inda ransa ya taɓa kwanciya, ka ba shi gawayi, ka jira.

Nazira ce za ta gaji kaskon. Ran kasuwa na iske ta ƙarƙashin bedin tana hura wuta. Haisam ya shanye kununsa har tabki ya bayyana, ya kife ƙwaryar a ka, ya ruga yana bin moto da ihu. Uwarsa ko ɗago kai ba ta yi ba.