Ƙibar da Abba ya zo da ita

Na daɗe ban ce komai ba a nan. Masu tambaya ko albasa ce ta haɗiye ni a Fatakwal, a'a, jinya muka sha.

Matata Luba ta tafi goyon ciki gidansu a Alelu. Mace ce da ta saba daka da zuwa gona, amma tana isa Inna, mahaifiyarta, ta hana ta ɗaukar ko tsintsiya. Safe fura da sukari, rana lemon kwalba, da yamma kunu mai zaƙi.

Ta fara ƙishirwa da yawan fitsari. Na kira waya na ce a kai ta awo Jega. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Malam Sani, mu munka haifi tara, wa ya auna mu? Bari ta ci, mutum biyu ta."

Na ajiye waya, ban sake kira a kan maganar ba. Suruka ce, ni kuma ina nesa.

Naƙuda ta zo, yaro ya ƙi fita. Aka kai ta asibiti, aka yi mata aiki. Kuɗin aikin ya cinye jarina na wannan zuwa.

Da aka fito da jaririn namu, Abba, mata suka yi ta yaba kumatunsa, ni ma na ji daɗi a waya. Can ya fara rawar jiki, ya ƙi kama nono. Ma'aikatan jinya suka huda diddigensa, suka ce sukarinsa ya faɗi, aka sa masa ruwa.

Likita ta ce mini ta waya, "Wannan ƙiba ba ƙoshi ba ce. Uwar ta yi ciwon suga na ciki ba a sani ba, shi ya tara wa yaron kitse. Akwai mai ciwon a gidansu?"

Akwai. Inna da kanta.

Na ji haushi, har yanzu da saura. Amma matar nan a tabarmar asibiti ta kwana har aka sallame su, kuma abin da ta ɗauka gata ne ta yi wa 'yarta.

Alhamdu lillahi, Abba na tsotso, sukarin Luba ya sauka. Ma'aikatan jinya da duk wanda ya yi addu'a, Allah ya saka.

Maza, a kai mata awo, a ce a duba suga, balle in akwai shi a dangi. Mai ciki ta riƙa motsa jiki, a rage zaƙi. In kuma kana nesa irina, kunyar suruka kada ta hana ka sake kiran waya.