Gyaran da na roƙo wa 'yata

Ni mutum ne da ba na barin kasuwa sai an yi mini gyara. Ko tumatir na saya sai an ɗora mini ɗaya a kai. Haka na ga mahaifiyata tana yi a Damagaram Takaya, haka na tashi. Matata ta gaji da faɗa mini abin kunya ne ga mai aikin buro, wato ofis, ni ma na gaji da jin ta.

Shekarar da 'yata ta fari ta cika tara, ta zo ta ɗaya a ajinsu a lakwal. Na yi mata alkawarin akwatin wasan bidiyo, irin wanda ake jonawa da tele. Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa unguwar Zango, wurin wani mai sayar da na gwanjo. A wurinmu wasannin ba sa zuwa a kwali mai hoto da rubutu. Mai shago ne ke tura su cikin akwatin, kamar yadda ake tura waƙoƙi a waya. Ya sa mata na ƙwallo da na tseren mota, muka gama ciniki, sai na ce, "To, gyara fa?"

Ya yi dariya. "Alhaji, wannan ai ba gero ba ne."

Na zauna a bencinsa na ƙi tashi. Da ya ga ba ni da niyyar tafiya, ya juyo mini da kwamfutarsa, sunaye a jere, ya ce in zaɓa. Ban san ko ɗaya ba. Na tambaye shi wanne ya fi cin wuri a cikin akwatin, ya nuna, na ce shi nake so. Bai tambayi shekarun mai wasan ba, ni ma ban faɗa ba.

A gida na ce mata, "Na ukun nan ni na zaɓa miki da kaina."

Makonni suka shuɗe. In na dawo daga buro da la'asar, jiki duk a mace, sai in ji ƙarar harbi daga ɗaki, in gode Allah yarinya ta samu abin yi. Daga bakin ƙofa nake tambayar ta ko ta wuce mataki, ta ce tana ƙoƙari. Ban taɓa shiga na zauna ba. Ta fara rage tuwo, in aka buga ƙofa ta zabura. Uwarta ta ce tsutsar ciki ce, muka sayi magani har sau biyu.

Ƙanwata, malamar lakwal a Zermu, ita ta gano da ta zo hutu. Ana kunna wasan ta ga wata jar alama a kusurwa, da sha takwas a ciki.

"Yaya, ka san mene ne wannan?"

Na ce tambarin masu kamfani ne mana. Ta ce kowane wasa yana da lambar shekarun da ya dace da su, wannan na wanda ya kai sha takwas ne. Ta jawo mini kujera, ta ce in zauna in kalla.

Na kalla. Wani mutum ne a durƙushe, hannu a ɗaure, yana roƙon a bar shi da ransa, kuma wasan ba ya ci gaba sai an harbe shi. 'Yata ta juya fuskarta bango, ta danna maɓallin harbi ba tare da ta duba ba. Yatsanta ya riga ya san wurin.

Na cire wayar wutar telen daga bango. Na so in yi fushi da mai shagon, amma ko ƙarfin hakan ban samu ba. Kunya ce kawai ta rufe ni. Na tambayi 'yata me ya hana ta faɗa mini.

Ta ce, "Kullum kana tambaya ko na wuce, Baba. Na ɗauka in na gama za ka ji daɗi."

Ta dubi telen da ta mutu, ta dube ni.

"Saura kaɗan ne. Ba za ka ji haushi ba in na bari?"