Ranar da Na Zana Gidan Mutane a Chaza

Akwai wata Asabar da ba na jin za ta fita daga raina ko da tsufa ya ci ƙarfina. Shekaru sun wuce, amma in na tuna ta sai in ji kamar yanzu abin yake faruwa.

Lokacin ban cika shekara biyu da tarewa a Suleja ba. Aiki ne ya kawo ni daga Zariya. Ofishinmu yana Abuja, ni da iyalina kuma muna haya a unguwar Bagama. Kullum sammako, kullum cunkoson hanya, har ciwon kai ya matsa mini. Likita ya ce jinina ya hau, in nemi abin da zai riƙa kwantar mini da hankali ban da latsa waya. Sai zane ya faɗo mini. A sakandare ni ne mai zana wa 'yan aji taswira, amma na yi kusan shekara ashirin ban riƙe fensir ba.

Littafin zanen da hannuna na yi shi. Na tara ragowar takardu, na ninke, na huda da basilla, na ɗinke da zaren takalmi, na yi bango da kwalin taliya, na lulluɓe da ƙyallen atamfar maiɗakina. Na yi wa kaina alkawarin zane ɗaya kullum, ko da butar alwala ce. A ƙasan kowanne kuma ina rubuta wuri da lokaci, don in riƙa ganin yadda hannuna yake dawowa. Da na gaji da kayan ɗaki sai na koma zana gidaje da tituna.

Ranar nan bayan la'asar na hau babur zuwa unguwar Chaza, inda ban san kowa ba. Na ga wani tsohon gida mai shuɗiyar ƙofa, reshen mangwaro ya leƙo ta kan katanga. Na zauna a dakalin wani shago da ke fuskantarsa na fara aiki. Na zana ƙofar, na zana tagogin, har lungun da ya bi ta bayan gidan ban bari ba. Ban san ana kallona ba sai da na ji an fizge littafin.

Wasu maza uku ne, 'yan banga, ɗaya da gora a hannu.

"Oga, me kake rubutawa?" in ji mai gorar.

Na ce zane ne kawai. Ya buɗe shafi ya karanta da ƙarfi: "Gida mai baƙin get, Wambai, ƙarfe biyar." Ya sake buɗewa. "Tasha, ƙarfe shida na safe." Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya aiko ka?"

Kafin in haɗa amsa, wani daga baya ya ce, "Infoma ne!" Kalmar nan ta bi layin da gudu. Mutane suka fito daga shaguna da gidaje, aka karɓe mini waya, wani ya shaƙe wuyan rigata. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Na san yadda irin wannan taro yake ƙarewa, na sha gani a waya. Sai salati nake a zuci, ina tuna maiɗakina da na ce mata yanzu zan dawo.

Mai shagon da na zauna a dakalinta, wata 'yar Kudu mai jiki, ita ce ta ratso taron tana ɗaga hannu. "Abeg, ba duka! Ku kai shi wurin Baba. In ɓarawo ne, Baba zai sani." Da yake ta daɗe a unguwar suka ji maganarta. Haka aka tasa ni gaba zuwa gidan mai unguwa, takalmina ɗaya a baya.

Dattijo ne siriri, yana zaune a kan tabarma a zaure. Ya saurari 'yan bangan, sannan ya karɓi littafin ya bi shi shafi-shafi.

"Malam, wa ya san ka a nan?"

"Babu kowa, Baba. A Bagama nake."

"Ka ce kai mai zane ne."

"Ina dai koya, ranka ya daɗe."

Ya miƙo mini littafin, ya gyara zama, ya tura hularsa baya. "To, zana ni."

Na karɓi fensir. Layin farko ya karkace, na biyu bakin fensirin ya karye. Wani a bakin ƙofa ya ce, "Kun gani ko?" Gumi ya ɗiga a kan takardar. Dattijon ya sa aka ba ni reza na feƙe, ya ce, "Ba sauri muke ba." Na daina duban ƙofa, na kafa ido a goshinsa. Na fara da layukan da ke wurin, na gangaro hanci, na bi gemun. Sannu a hankali hannun ya tuna aikinsa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai ji ana kiran magariba ina cike inuwar wuyansa.

Mai gorar ya leƙo, sai ya fashe da dariya. "Wallahi Baba ne! Har da kunnen!" Littafin ya bi hannuwa, ana ta kallo ana dariya, mai shagon na cewa in zana ta ita ma. Aka mayar mini da wayata.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Wani magidanci ne da ya tsaya a gefe tun farko. Dattijon ya nuna shi ya ce, "Mai gidan da ka zana ke nan." Mutumin ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce mako uku ke nan da masu garkuwa suka ɗauke ƙanensa a hanyar gona, har yau bai dawo ba, matansu ko barci ba sa iyawa. "Sai kuma na leƙo na ga baƙo yana zana lungun bayan gidana. Kai a ce kai ne, me za ka yi?"

Na yage shafin gidansa na miƙa masa da hannu biyu, na ba shi haƙuri. Ya ninke ya sa a aljihu, ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Da zan tafi dattijon ya ce, "Ɗana, da ka yi sallama ka gaya musu, da kujera za su ba ka."

Sati biyu na yi ban iya taɓa fensir ba. Daga baya na ci gaba, kuma har yanzu ina zane kullum. Sai dai ban ƙara zana ƙofar kowa ba sai na tsaya na gaishe shi na nemi izini. Ranar nan ta koya mini cewa kyakkyawar niyyata ni kaɗai na san ta. Wanda ke kallona bai san ta ba, kuma mai yiwuwa yana ɗauke da tsoron da ban taɓa tambayarsa ba.